Wandon Matuƙa da Famfon Keke

Aikina a barikin sojan sama gyaran wandon matuƙa jirgin yaƙi ne, wanda iska ke kumburawa ya matse cinyoyi don kada mutum ya suma a sama. Da na zo hutu ƙauyenmu Dutse, na taho da wani tsohon wando don in burge jama'a. Na sa shi, na miƙa wa Kawu famfon kekensa.

"Ɗana, ya isa haka?"

"Ƙara, Kawu! Ni fa ƙwararre ne."

Ya ƙara. Gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, zif ya cije, na kife kamar buhun doya. Masu tallar nono sai da suka sauke ƙwarya don dariya. Da wuƙa aka fito da ni.

Har yau in na zo wucewa, sai a ce, "A ba Taya hanya, kada ta fashe."