Tuwon Waken Suya da Ya Jawo Min Sadaka

Komai zan iya mantawa ban da shekarar da masara ta fi ƙarfin talaka, don a cikinta likita ya ga dama ya gaya min ina da ciwon sukari. Ya ce in rage tuwon masara, in rage na dawa, fura ma in yi hankali da ita. Na ce, "To likita, me ya rage, ƙasa?" Ya yi ta bayani rabi da Turanci, ni kuwa ko firamare ban ƙarasa ba. Abin da na tsinta kawai shi ne garin waken suya da ganye.

Ban gaya wa kowa ba sai matata Hajara. A garinmu sukari ciwon masu hali ne, kuma a wannan shekarar in aka ji kana da hali, masu sallama ba za su bar ka ka runtsa ba. (Ina da hatsi a rumbu, ba zan ɓoye muku ba. Gumina ne.)

Hajara ta soya waken, ta kai inji, ta tuƙa. Ya ƙi haɗuwa. Ta zuba garin zogale da busasshiyar kuɓewa don ya kama jikinsa, ya fito kore-kore yana yauƙi.

"Malam, da wannan za ka fita?" in ji ta.

Na ce mata kawo.

Mu ciyayya muke yi bayan magariba, kowane magidanci ya fito da kwanonsa ƙofar gidan Liman a ci tare. Maƙwabcina Malam Iro ya kai loma ɗaya daga nawa, ya daɗe yana juya ta a baki, ya dubi wuyana da ya rame, ya ce, "Allah Ya kawo mana sauƙi." Na ce amin.

Daga nan abubuwa suka rikice min. Kullum sai a turo min kwanon tuwon masara gabana, in ture, a sake turowa. Liman ya ce, "Ci mana, babu kunya tsakaninmu." Tanko, ɗan baffana da ya daina gaishe ni tun rigimar iyakar gona, ya tare ni a hanya yana tambayar lafiyar yara. Na kwana ina tunanin me yake nema a wurina.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Liman da dattawa, har da Tanko, a ƙofar gidana, da buhun masara a kan jaki. Wai an yi min karo-karo. Har Malam Iro, wanda na san sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidansa, ya zuba kwano guda. Na fara kame-kame. Liman ya ɗauka godiya nake yi, ya ce a juye min a rumbu. Kafin in tare, Tanko ya haye ya ɗaga murfi. Ya daɗe a can sama.

"Liman," in ji shi, "babu wurin zubawa."

Ko jakin sai da na ga kamar yana kallona.

"To me ya kai ka cin ganye?" in ji Liman.

Na ce sukari ne.

Malam Iro ya gyara hula ya ce, "Ashe ciwon ƙoshi muka zo dubiya."

Babu wanda ya roƙe ni komai, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Da bakina na ce wa Tanko tunda yana sama ya fara ɗebowa. Jakin ya koma da kayan da suka fi wanda ya kawo.

Abin da na koya shi ne, a ƙauye in ka ƙi faɗin abin da ke damunka, mutane za su zaɓa maka wani, kuma kai za ka biya kuɗin maganin.