Koci Rutledge a Rigar Talotalo

"Ni Dwayne Rutledge, ba a haifi mai rubuta dokar da za ta kama ni ba!" Haka kocin ƙwallon kwando na wata kwaleji a jihar Alabama ta Amurka yake cika baki, tumbi a gaba, usur a wuya.

To abokina, kwalejin ta sha horo kan zawarcin 'yan wasa ta bayan fage, sai ta ɗauko Madam Loretta Pickens ta sa ido kan bin ƙa'ida. Dokarta ta farko: a watan nan, ba kocin da zai taka gidan ɗan wasan da ake nema.

Ga kuma Terrell Boykin, zanƙalelen ɗan sakandare, kwalejoji shida na rububinsa.

Gogan naka ya yi nazari, ya daki tebur. "Koci doka ta ce. Ba ta ce talotalo ba!" Ya zura rigar talotalo, alamar kwalejin, wadda ake shiga a yi rawa ranar wasa, ya doshi gidan su Terrell da rana tsaka.

Kakar Terrell ta buɗe ƙofa. "Ikon Allah! Wa ke ciki?"

"Mama, talotalo ne kawai. Na zo in shaida wa jikanki kocinmu ba shi da na biyu."

"Wannan mai tumbin? Terrell ya ce ko akuya ba zai iya horarwa ba."

"Ƙarya ne! Kofi biyu na ci!"

"Kai, ko shi?"

Kafin sarkin dabara ya gyara zance, karen gidan ya hango nama ya kawo kansa. Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Sau uku suka zagaya unguwa, zif ya cije, gumi ya cika riga, jela ta tafi a bakin kare. Sai da 'yan kwana-kwana suka sauko da shi daga kan bishiya, maƙwabta na ta ɗaukar bidiyo. Terrell kuwa washegari ya zaɓi wata kwalejin.

Madam Pickens ta ga bidiyon, ta kira shi gaban kwamitin ladabtarwa, amma Rutledge ya ƙi rusunawa. "Ranki ya daɗe, ba koci ne ya je ba. Talotalo ne."

"Za ka sa hannu kan haka?"

Ya rattaba hannu yana murmushin nasara.

Madam Pickens ta ninke takardar. "Madalla, ba a karya doka ba. Tunda ka sa hannu cewa kai talotalo ne, koci za mu nemo wani. Kai kuma akwai wasa ranar Asabar, sai ka je ka koyi kaɗa jela."