Jakunkunan Daktora Asiya

Har gobe ba zan manta da hutun zafin da aka kai mu duwatsun kudancin Ɗa'if nazarin furannin daji ba. Ni 'yar unguwar Hindawiyya ce, a Jidda aka haife ni, tsiron da na sani da hannuna bai wuce na'a-na'ar da Ummi ke shukawa a gwangwani ba.

Hanyar dutsen nan sai lanƙwasa take, kafin mu isa jiri ya kayar da ni. Malamarmu Daktora Asiya, Bahaushiyar Sudan, ta tara ɗalibai tana bayani, ni kuwa ina kwance a mota. Da na farfaɗo kunya ta hana ni tambayar abin da aka ce.

Na gangara ni kaɗai, sai na ga wasu furanni masu ruwan shuɗi, an ɗaure wa kowanne 'yar farar jaka a ka. Raina ya ɓaci. Na ce 'yan yawon shaƙatawa ne da rashin tarbiyyarsu. Na durƙusa ina kwancewa ɗaya bayan ɗaya (har da tsaki, wallahi). Ƙudan zuma suka yo caa a kan furannin, ina musu murmushi.

Na kai wa Daktora tulin jakunkunan a gaban kowa.

"Daktora, dubi sharar da mutane suka bari!"

Biro ya faɗi daga hannunta.

"Nawa kika kwance?"

"Duka," na ce da alfahari. "Ko ɗaya ban bari ba."

"Innalillahi! Ya binti, 'yata, wata biyu ina hawa dutsen nan ina rufe su, don in ga ko za su yi iri ba tare da ƙudan zuma ba. Sau ɗaya suke fure a shekara!"

Bakina a buɗe, jakunkuna a hannu. Abin da ya fito mini kawai shi ne, "In mayar?"

Ta dube ni. "Halas, ya wuce," ta ce. "Baɗi ke za ki ɗaura."

Haka kuwa aka yi, sai da yatsuna suka yi kanta. Yanzu ko tsinke na gani a inda ban sani ba, sai na tambayi mai shi kafin in yi aikin lada.