Bangajiyar Malam Mas'udu Duba-gari

A shekarun da gyaɗa ke cika tashar jirgin Gusau, ba a yi ma'aikacin tsabta kamar Malam Mas'udu Duba-gari ba, kuma shi ne farkon wanda ya gano haka. Aikinsa ya bi gida-gida da kakinsa da hular kwano, ya leƙa randa ko da tsutsar sauro a ciki. In ya gani, a fasa randa, maigida ya sha tara. Saboda tsananin ƙwarewa, har ya kai matsayin da ba ya bukatar leƙawa. Daga zaure yake gane lafiyar ruwan gida, gwargwadon akushin da aka fito masa da shi. Gidan da aka yanka zakara ba a taɓa samun tsutsa a randarsa ba, kuma babu wanda ya san dalili.

Allah ya sa wa aikin albarka, albarkar kuwa ta taru wuri guda. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Riga-Sallama, don tumbinsa kan shiga zaure kafin muryarsa. Da sunan ya zo kunnensa sai ya ɗauka kirari ne.

Wata rana a Bungudu, a gidan wata tsohuwa mai fura da ake kira Inna Lantana, ya ga dama ya nuna wa jama'a yadda masu ilimi ke duba ruwa. Ya sunkuya. Numfashi ya ce bai san zancen ba. A bayan lori aka mayar da shi Gusau, tsakanin buhunan gyaɗa, direba bai ma ga bambanci ba.

Ya yi jinya. Mutane suka yi ta zuwa dubiya daga Tsafe da Bungudu da cikin gari. Kowa ya tambayi matarsa Hanatu ya mai jiki, in ta ce da sauƙi, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, haka Allah ya so." Malam yana ji daga ɗaki, har ƙwalla ta cika masa ido. Bai san ana ƙaunarsa haka ba.

Likita dai, wanda shi ne shugabansa a wurin aiki, bai zo da ƙauna ba. Ya ce Malam ya rage ci, ya yawaita tafiyar ƙasa, ya daidaita biyun. In kaka ta yi bai iya sunkuyawa ya ga gindin randa ba, hular za ta koma kan Sahabi, wani siririn duba-gari na wajen garin Wanke da ake cewa ko a tulu yana iya cusa kai. Wannan magana ta tsorata Malam da gaske. Hular nan, in ba alwala ba, ba ya sauke ta.

Amma mai basira ba ya rasa dabara. Ya kira Hanatu ya yi mata jawabi.

"Likita ya ce tafiya, zumunci ya ce bangajiya. Zan bi duk wanda ya zaka dubiyata, ƙafa da ƙafa, in yi mai godiya. Wanga shi ake ce ma ilimi. Batun ci kuwa, cewa ya yi a daidaita, bai ce a bari ba. Taku guda, loma guda."

Hanatu ta ce ita dai abin da ta ji likita ya faɗa shi ne a rage. Ya ce ai Turanci aka yi.

Ya fara da maƙwabta, don kusa ta fi nesa haƙƙi. Daga ƙofarsa zuwa zauren farko ko akuya ba za ta kira ta tafiya ba, amma ya isa yana haki kamar wanda ya dawo daga Sakkwato. Mai hula kuwa ba ya zama a zaure baki bushe. Aka kawo tuwon dawa da man shanu. Mayar da abincin mutane raini ne, shi kuma godiya ya zo yi, don haka ya sadaukar da kansa ya cinye.

Godiyar tasa ma abin koyi ce. Sai ya wanke hannu ya gyara hula, sannan ya ce, "Ku gode ma Allah da ya bar muku ni. Da na tafi, wa zai duba ku?" Mutanen gida su yi godiya, shi kuma ya amsa da cewa ba komai.

Tsafe da nisa, sai ya hau gaban lori, amma bai yi ha'inci ba: tun daga Gusau yake kaɗa ƙafa. A can Labbo mahauci ya shimfiɗa masa balangu. Malam ya auna tsawon hanyar da ya sha, ya ga jikinsa na binsa bashin lomomi masu yawa, ya tsaya sai da ya daidaita. A Bungudu, Inna Lantana ta dama masa fura a ƙwaryar da ake auna hatsi, ta haɗa masa da hoce na guzuri. Guzurin bai ga bakin gari ba.

Haka aka yi har gero ya nuna. Hanatu ta buɗe wa kakin gefe ta sa ƙyalle, ta sake buɗewa, tana yi tana tausayinsa, don ta san abin da ke tafe. Shi kuwa ya ce yadin zamani ne ba ya da amana.

Ranar gwaji aka ajiye randa cike da ruwa a farfajiyar ofis. Likita na tsaye, Sahabi na gefe kamar tsinke. Malam ya yi bisimilla, ya ware ƙafafu, masinjoji biyu suka riƙe shi ta baya. Maɓalli ya yi tsalle ya bar aiki. Amma namiji namiji ne, sai da ya kai ido bakin randa, karo na farko cikin shekaru. Ya daɗe yana kallo, sannan aka ɗago shi.

"Ranka ya daɗe," in ji shi yana haki, "ba a ganin gindinta. Wani kumburarren abu ya cika ruwan baki da baki, har da hula. A fasa randar ga."

Likita ya leƙa, ya ga gindin randa tas. Ya ce lalle abin da Malam ya gani shi ne matsalar, ya miƙa wa Sahabi hular.

Jama'a ba su zo jaje ba, sai Malam ya ga ya dace shi ya bi su, kai babu hula, ya ba su damar yi masa. Ya zaga Gusau. Ya taka har Bungudu da ƙafa, don yanzu direbobi sun daina ganinsa a bakin hanya. Ko'ina aka tarbe shi da mutunci, aka ba shi tabarma da ruwa a moɗa. A gidan Inna Lantana ya zauna har la'asar yana kallon ƙwaryar nan a kife.

"Inna, yau ba a dama ba?"

"An dama, Malam. Mai hula ya riga ka."

Kafin damina ta zagayo, Malam Mas'udu ya koma kamar sanda, numfashinsa ya dawo, yana iya sunkuyawa ya ga gindin kowace randa a ƙasar Zamfara. Sai dai babu wanda ya ce ya leƙa.