Rasuwar Mai Huci a Ƙarƙashin Bargon Gwaggo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ta rasa inda za ta sauke shi, Injiniya tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Mai Huci.

Marigayiya ta ƙarar da rayuwarta wajen sanyaya wasu. Kafin a ƙera na'ura, ita ke lissafa inda zafi zai taru a cikinta, ta zana wurin da ja, ta nuna inda za a sa fanka ko bututun ruwa har jan ya koma shuɗi. Ba ta taɓa neman komai ba sai iska. Da safe takan ce "fuuu", in aiki ya yi nauyi ta ce "wuuuu", kuma kowa a gidan ya san lafiyarta ke nan.

Ajali ya riske ta ranar da Injiniya ta bar ta a kan tebur tana lissafin da za a nuna wa manaja, lissafin da a kansa ne za a tabbatar da Injiniya a aiki ko a sallame ta. Gwaggo, wadda ta zo ziyara, ta leƙa ɗakin, ta ji huci, tausayi ya kama ta. Baiwar Allah ta ɗauko bargo mai kauri ta lulluɓe ta ruf, har da cusa gefe-gefe don kada sanyin ɗakin ya ƙara mata mura. Bargo, jama'a! A kan injin da ke koya wa injuna shan iska!

Marigayiya ta yi ta ihun "wiiii" ba mai ceto, daga nan sai "ƙit". An tarar da ita allo baƙi ƙirin, tana ƙauri, aikin yana cikinta.

Ta rasu ta bar caja, da marayan linzamin kwamfuta, da Injiniya. Wa za ta yi wa faɗa? Gwaggo ce ta goya ta tun tana jaririya, kuma har yanzu tana jiran a gode mata saboda bargon.

Za a kai gawa shagon mai gyara, a buɗe cikinta a ga ko aikin ya tsira. Zaman makoki kuwa gobe da safe a ofishin manaja, Injiniya ita kaɗai, a tsaye.

Ana roƙon masu ta'aziyya kada su ambaci sayen sabuwa a gaban Gwaggo, ko da yake da alama an makara. An gan ta da zare da kwarashi, ta fara saƙa wa sabuwar kwamfutar rigar sanyi.