Gwanin Teku a Hanyar Falgore

Ba zan taɓa mantawa da hutun daminar da muka yi yawon gidajen juna ba, ni da abokaina biyu, Sale da Habu. Shekarun hamsinoni ne, Turawa suna nan, mu kuma ba mu daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Ni aka turo ni Bebeji ina koyarwa a elimantare, Sale yana Dangora, Habu kuwa aka mai da shi garinsu, Tudun Wada. Da hutu ya matso sai muka shirya ta wasiƙa: kowa ya hau kekensa, mu yi kwana biyu a gidan wannan, biyu a gidan wancan, mu ƙarasa Falgore wurin goggon Habu. Yau in na rufe ido, ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa nake fara ji, sai dawa da ta yi tsayi har ta rufe hanya, sai ƙararrawar keken Sale da ba ta yin shiru ko da babu kowa a gaba.

To, a lokacin ina da wani ciwo, sunansa Ikko, babban birnin nan na bakin teku. Shekara guda kafin nan kawuna, mai fataucin goro, ya tafi da ni can a jirgin ƙasa. Gaskiyar magana (yau dai zan faɗe ta yadda take), tun a hanya zazzaɓi ya kama ni. Kwana biyar na yi a kwance a wani ɗaki a unguwar Hausawa, ina shan kunu ina kiran sunan innata. Ruwan da na gani duka-duka shi ne wanda na hango ta tagar mota ranar da muka haye gada za mu koma tasha. Ban ma tabbata tekun ne ko wani abu dabam ba.

Amma da na dawo gida, sai labarin ya fara girma. A Bebeji na ce na ga teku. A Dangora, muna cin gasasshiyar masara a ƙofar gidan su Sale, na ce na zaga ƙananan garuruwan masunta na bakin teku ɗaya bayan ɗaya, inda bishiyoyin kwakwa suka jeru a kan yashi, ana shanya kifi kamar yadda muke shanya barkono. Sale ya saki baki yana kallona. Kafin mu isa Tudun Wada kuwa, har na shiga tekun na yi iyo.

Dalilin wannan ƙari na ƙarshe ba wani ba ne illa Dije, ƙanwar Habu. Ita ta kawo mana ruwa a zaure ranar da muka sauka, ta durƙusa ta ce, "Sannunku da hanya," ta fita. Shi ke nan abin da ta ce, amma ni na rasa inda zan sa hannuna. Da la'asar, da na lura tana surfe a bayan danga inda za ta iya jin mu, sai na ɗaga murya. Na ce igiyar ruwan teku ta fi soron hakimi tsawo. Na ce wani masunci ya roƙe ni in zauna a garinsu saboda yadda na iya ninƙaya (Allah ya yafe mini, ni da ko a kududdufin unguwarmu ban taɓa wuce idon sawu ba).

Mahaifin Habu, dattijo mai ƙarancin magana, yana gefe yana tufkar igiya. Ya ɗago kai ya ce, "Ikon Allah. To madalla, Malam, tunda gobe akwai kogi a gabanku."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Ina tsammanin akwai gada.

Washegari da safe muka kama hanyar Falgore. Dije ta biyo mu da ƙwaryar dawo a ka, za ta kai wa goggonsu, don haka muka riƙa tura kekunan muna tafe a ƙasa. Ban taɓa jin daɗin tafiya irin ta wannan safiya ba. Daji ya yi kore shar, makiyaya suna fitowa da shanu, Habu yana nuna mana sawun gada da na biri a cikin laka. Wata 'yar Fulani ta sayar mana da nono mai sanyi a gindin tsamiya, muka dama da dawon goggo (Dije ta ce a bakinmu, in an tambaya). Sau biyu ta yi dariya a kan abin da na faɗa, ni kuwa na riƙa jin kaina kamar wani babban mutum.

Sai muka iso kogi. Babu gada. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ga shi nan ja wur yana gudu, ya yi faɗi. Mutane suna hayewa a ƙafa ta wani mashigi, wasu da kaya a ka. Akwai wani mai fito, ƙaton mutum, da yake ɗaukar wa mutane kaya ya kuma riƙe hannun wanda ba ya son ruwa. Ya haye da kekunanmu ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya miƙo mini hannu.

Kafin in buɗe baki Sale ya ce, "Kai, bar shi! Wannan a teku ya koyi ruwa."

Dije tana tsaye tana kallona. Me zan ce? Na naɗe wando, na rataya takalma a wuya, na gyara zaman hula, na ce wa mai fiton, "Ka ji da mata da tsofaffi, malam." Na shiga gaba.

Taku goma na farko lafiya lau. Daga nan sai na yi kuskuren kallon ruwan, na ga kamar shi yana tsaye, ni ne nake tafiya da gudu. Jiri ya ɗebe ni, na taka wani dutse mai santsi, sai ji na yi ƙafafuna sun tashi. Ruwa ya rufe mini fuska, ya shiga hanci. Na ɗago na kurma ihu.

"Wayyo Allah! Ku taimake ni! La'ilaha illallahu! Wallahi ban iya ruwa ba! Ban shiga tekun ba, ta taga na gan shi! Habu, ka ce wa innata ta yafe mini!"

Ina faɗa ina dukan ruwa da hannu biyu, ina jiran mutuwa. Sai na ji murya a kaina, a natse, kusa da ni ƙwarai.

"Malam, miƙe tsaye mana."

Na buɗe ido. Dije ce, ƙwaryarta na kanta ko karkacewa ba ta yi ba, ta ɗan tattare zane da hannu ɗaya. Ruwan iya gwiwarta. Ashe a zaune nake daram a kan yashi, ina ihu.

Na miƙe. Hulata ta yi gaba, takalmi ɗaya ya bi ta. A gaɓar da muka baro Sale ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki don dariya, Habu ya jingina da bishiya yana share hawaye. Mata masu zuwa kasuwa sun ajiye kaya don su yi dariya da kyau. Wani tsohon Bafulatani da yake haye da shanunsa ya tsaya kusa da ni, ya dube ni cikin tausayi ya ce, "Sannu, Modibbo. Kama jelar wannan saniya, ita ta san hanya." Kuma wallahi na kama. Haka na fito gaɓa, riƙe da jelar saniya, riga na ɗigar ruwa.

Kwana biyun da muka yi a Falgore ban ɗaga ido na dubi kowa ba. Goggo ta ba ni tsohuwar rigar mijinta, ta dafa mana zabi, tana ta cewa, "Ci mana, ɗan nan, ai tsautsayi ne," sai ta juya baya kafaɗunta su hau rawa. Na riga na yanke a raina cewa ni da Tudun Wada har abada.

Ranar da za mu koma, Dije ta zo karɓar kwanukan da muka ci abinci. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam, ka ce ta taga ka gani. To me ka gani ɗin?"

Na faɗa mata gaskiya: ruwa toka-toka, jirage biyu a nesa, da wani mutum shi kaɗai a cikin kwalekwale.

Ta ce, "Wannan ya fi daɗin ji." Ta kwashi kwanuka ta wuce.

Bayan kaka na tura magabatana neman auren Dije. An ce da suka gama bayani, mahaifinta ya ce mutumin da ya zaci mutuwa ce ta zo, ya fara da kalmar shahada ya bi da faɗin gaskiya, ai da sauran alheri a tare da shi. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi da Dije. Duk ranar da na cika zaure da baƙi, labarina ya fara tsawo, sai in ji ta daga cikin gida, ba da ƙarfi ba: "Malam, miƙe tsaye." Baƙi su yi ta mamakin abin da ya sa na canja magana.

Sale ya riga mu gidan gaskiya, Habu ya bi shi, ita ma ta tafi. Yanzu ko na ce na haɗiye tekun ne gaba ɗaya, babu mai tsawata mini daga bayan labule, kuma shi ya sa ƙaryar ma ta daina yi mini daɗi. Abin da dai na koya, in za ka ba da labarin bajinta, ka fara tambayar abin da ke kan hanyar gobe. In kuma ka faɗi, taɓa ƙasa tukuna kafin ka fara barin wasiyya.