Goggo Ta Riƙe Birki Ta Tafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa dumu-dumu da baƙin mai, Malam Nata'ala na Ruwan Godiya yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa rasuwar taraktarsa, wadda mutanen gari suka laƙaba wa Goggo saboda tsufanta. Ta cika ranar Laraba da hantsi, kwana biyu bayan ruwan farko na wannan shekara ta 1957, a tsakiyar gonarsa, bayan ta yi kunya uku kacal.

Marigayiyar ta zo hannunsa shekara biyu da suka wuce, a gwanjon kayan wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu. Don ya same ta sai da ya sayar wa maƙwabcinsa Gide bijimansa biyu na huɗa. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma sai ya je tsakiyar kasuwar Sheme ya ce zamanin bin wutsiyar sa ya wuce, kuma a gaban Gide ya faɗa. Matar Malam, Larai, ta ce ya bari. Yanzu hoho yake ji.

Goggo mai halin kirki ce. Ba ta taɓa shiga gonar kowa ba, ba ta neman harawa, ƙudan tsando bai san hanyarta ba. A ba ta kananzir kawai, a murɗa mata ƙarfen gaba, sai ta ce "tuf, tuf, tuf-tuf-tuf," har mutanen kan hanya su tsaya kallo. Wannan kallon, Malam ya amsa da bakinsa, ya fi noman yi masa daɗi.

Ciwon ajali so ne ya kawo shi. Kowace Juma'a yakan kai ta rafi, ya tsayar da ita cikin ruwa har ciki, ya wanke ta kamar doki. Ana nan birkin hagu ya fara riƙewa: a taka, ya ƙi saki, ta yi ta kewaya wuri ɗaya kamar akuya a turke, tana kukan "ƙiii". Malam ya ce abin da ke tausasa igiyar fata ba zai gagari ƙarfe ba, ya ɗura mata man gyaɗa kwalba guda. Mako ɗaya ta yi tana lafiya, sannan ƙafar dama ma ta ɗauka. Mani maƙerin Pauwa ya gwada guduma, abin ya ƙara cijewa. Harisu makanike ya zo daga Funtuwa, ya buɗe, ya tarar tsatsa ta cinye sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da birki, mai da ƙasa sun daskare kamar ƙuli-ƙuli. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Malam ya duƙufa duban hadari. Kayan gyara, in ji Harisu, sai daga Ikko, in an yi sa'a bayan kaka.

Ta bar garmar ƙarfe ɗaya, rabin garwar kananzir, kazar da ke ƙwai ƙarƙashin kujerarta, da gona eka goma sha biyu wadda ciyawa ta fara yi wa ta'aziyya tun jiya.

Liman ya ce ƙarfe ba shi da salla. Ɗaukar gawa kuma ya gagara, don maza ashirin sun tura ba ta motsa ba. A karon farko birkinta ya yi aiki yadda ya kamata. Saboda haka za a bar ta inda take, a yi zaman makoki a gefenta ranar Asabar da sassafe. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kowa ya riƙo fartanyarsa.

Ana roƙon Gide musamman ya halarta tare da bijiman nan biyu. Malam Nata'ala ya ce maganar kasuwar Sheme ya janye ta, kuma shi da kansa zai bi wutsiyar.